Biyu Bisa Ashirin

Ni da ɗan gwaggona a bayan mota ɗaya muka iso Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, daga wani ƙauye gabas da Damagaram. Taubashina ne, ke nan tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. In ya ɗinka sabuwar riga in tambaye shi wa ya mutu ya bar masa gado, in na yi aski ya ce kaina kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, manya na gefe suna dariya. Haka ake yi a wurinmu, kuma duk wanda ya yi fushi da taubashinsa shi ake wa kallon marar hankali.

A unguwar Sersouf muka samu ɗaki, mu bakwai. Aikinmu leburanci: kwaɓa siminti, ɗaukar bulo, hawa da sauka har ƙafa ta daina jin ƙasa. Ranar Juma'a kaɗai ake hutu. Bayan an sauko daga masallaci wasu su yi wanki, wasu su kwanta, mu biyu kuwa sai shagon wani Balarabe mai talabijin uku da na'urorin wasa. Muna zaune a kan bokitin fenti muna buga ƙwallo da yatsu, ko mu sa mutane biyu su yi ta naushin juna. Ni na yi lekkol, wato boko, har aji uku na kwaleji, kuma ban taɓa bari kowa ya manta da hakan ba. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta ra'ayina a kan kowane wasa, in ba shi maki bisa ashirin kamar yadda malamanmu ke yi mana, da yamma in karanta wa 'yan ɗaki ko suna so ko ba sa so.

Da aka buɗe siber a unguwar, wato shagon kwamfutoci da ake shiga intanet, can muka koma. A nan muka ci karo da zanen barkwanci da wasu samarin Faransa ke sakawa: akwati uku a jere, mutum biyu a kan doguwar kujera suna wasa suna gardama. Zanen ba wani na a zo a gani ba ne, kai da gani ka san ba ƙwararru ba ne, kuma abin da ya kama mu ke nan. A ƙarƙashin kowane zane mutane na ta rubuta ra'ayinsu, wasu su yaba, wasu su yi kaca-kaca da shi. Taubashina bai iya karatun Faransanci ba, ni ke fassara masa, amma sau da yawa ya riga ni dariya.

"Waɗannan fa mu ne," in ji shi. "Kujera kawai suka fi mu."

A makon nan ya fara. Yakan yayyaga takardar buhun siminti, ya kakkaɓe ta, ya danne ta ƙarƙashin tabarma ta miƙe, sannan ya zana da fensirin kafinta. Mutanensa leburori biyu ne a kan bokiti suna wasan talabijin. A wani zanen siminti ya tsattsage wa ɗayan yatsu, ya rasa da me zai danna, sai ya sa haɓarsa. A wani kuma mutumin cikin wasa ya faɗo daga saman gini ya miƙe tsaf domin yana da sauran rai biyu, leburorin suka dubi juna, suka ɗaga kai suka dubi katakon da za su hau gobe. Wannan na biyun na daɗe ina kallonsa. Wallahi ya fi na samarin Faransa nesa ba kusa ba, kuma na san haka tun a lokacin. Abin da na ce masa shi ne hannuwan mutanensa kamar ƙafar kaza.

Mai siber ya taimake mu muka buɗe shafi na kyauta, ya ɗauki zanukan a na'ura ya saka. Ni na rubuta kalaman da Faransanci. Daga nan sai jira. Kowace Juma'a tun kafin shafin ya gama buɗewa sai taubashina ya matso da fuskarsa ya ce, "An yi magana?" In ce ba a yi ba. Ya ce to, wataƙila ba su gani ba tukuna. Wata biyu muna haka. Mutumin da bulo ya faɗo masa a ƙafa bai ce uffan ba, sai ga shi yana zufa a gaban allon da ba kowa.

Wata Alhamis aka sallame ni da wuri, na biya siber ni kaɗai. Niyyata mai kyau ce, ko dai haka nake gaya wa kaina: in sa masa magana ɗaya ya gani ya ji daɗi. Na ƙirƙiri sunan Bature na sa. Amma da na ɗora yatsu, abin da bakina ya saba shekara ashirin shi ya fito. Na zage na zuba duk Faransancin da na koya. Na ce mai zanen nan bai san hannun mutum ba, bai san dariya ba, gara ya koma ga abin da ya iya. Na ba shi biyu bisa ashirin. Na fita ina murmushi, ina hango yadda zai yi tsalle yana zagi, in bari ya gama, sannan in ce bawana, ubangidanka ne.

Washegari ya ga rubutu a ƙarƙashin zanensa, ya damƙe mini hannu har na ji zafi.

"Karanta! Mi ya ce?"

Na karanta, ina fassarawa ɗaya bayan ɗaya, dariya na cina a ciki. Bai yi tsalle ba, bai yi zagi ba. Ya saki hannuna a hankali.

"Nasara ne?"

Nan ne ya kamata in faɗa. Sai na ce, don wasan ya ƙara armashi, "Ga sunansa nan, daga Faransa."

"To," in ji shi. "Ai su suka san abin."

Abin da ban yi tunani ba ke nan. Zagin taubashi yana tafiya ne da fuskar taubashi, da muryarsa, da mutanen da ke gefe suna dariya. Ni kuwa na cire duk wannan, na bar zagin tsirara da sunan baƙo.

A hanyar gida na yi abin da ban taɓa yi ba, na ce masa zanensa na da kyau, kada ya kula. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Yau har kai ke jin tausayina? Ashe abin ya kai haka muni." Kwana uku ina juyi da maganar. A na huɗu, muna cin burodi da shayi a gindin ginin da muke aiki, na ce masa ni na rubuta. Na rantse. Na ce ya zo mu je in buɗe da sunan ya gani da idonsa. Ya yi ɗan murmushi, ya dafa kafaɗata, abin da shi ma bai taɓa yi ba.

"Na gode. Amma kar ka ƙara rantsuwa a kan ƙarya saboda ni."

Ya ƙi zuwa siber, ranar da ma bayanta. Na goge rubutun, ya ce gogewa ba ta canza gaskiya. Na sa wasu sunaye uku na yi ta yabonsa, na zo ina ba shi labari, ya ce waɗannan kam ya san ni ne. Bai sake taɓa fensiri ba. Shagon wasan ma ya bari. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina zagina. Sai gaisuwa da ladabi, ina kwana, ina gajiya, kamar wani maƙwabci. Kafin shekara ta zagayo ya samu aikin lambu a ƙauyen Outoul, can bayan gari, ya tattara kayansa. Ni na zauna a Sersouf da littafina na maki, ban sake rubuta ko layi ɗaya a ciki ba, domin duk sanda na buɗe shi kunya ke rufe ni.

Shekaru da yawa bayan haka na je gida na same shi, ya yi aure, ya yi furfura a gemu tun ba a kai ko'ina ba. Muna zaune a ƙofar gidansa 'yarsa ta fito, ba ta fi shekara takwas ba, riƙe da littafin lekkol. Ta zana akuya na satar dawa a bayan littafin, kuma akuyar har kallon rashin gaskiya take yi. Ta miƙo mini. Kafin in karɓa uban ya amshe, ya rufe, ya ce ta shiga ciki ta taya uwarta aiki.

"Ita ma ciwon ya kama ta," in ji shi. "Ina hana ta tun yanzu, kafin wani ya gaya mata a gaban mutane."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Ka san har yau ina sa Nasaran nan a addu'a? Ku duka kuna ta ruɗina. Shi kaɗai ya gaya mini gaskiya."