Malam Muhyiddeen Toranke da Itatuwan Faƙon Dalma

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Muhyiddeen a shekarar 1952 a Toranke, cikin ƙasar Ajingi. Mahaifinsa Malam Tukur manomin gyaɗa ne, sunan mahaifiyarsa kuwa Barira. Ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, ya yi firamare a Ajingi, sannan ya sami horon aikin gandun daji, ya kammala a 1973.

Aiki da Aure

A wannan shekarar aka tura shi Gaya a matsayin malamin daji, inda ya shahara da raino da dashen itatuwa, har akan ce ko sanda ya soka a ƙasa sai ta yi toho. Ya auri Malama Adawiyya a 1976, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Jarrabawar Baƙar Ƙasa

A bayan garin Gaya akwai wani fili da aka daɗe ana farfasa tsofaffin batiran mota ana narka dalmarsu, har aka rufe wurin a 1993. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, manominmu kuwa in ya ga baƙar ƙasa ya ga taki. Jama'a suka yi ta lodi a mangala suna kaiwa gona, shi kansa Malam, da duk iliminsa, sai da ya zuba amalanke biyu a gonar gado. Gyaɗa ta ƙone, awaki suka riƙa faɗuwa. Da aka kai ƙasar gwaji Kano, aka tabbatar gubar dalma ce, kuma iska na kwasar ƙurarta zuwa gidajen da yara ke wasa. Kunyar wannan kuskure ba ta taɓa sakinsa ba.

Shekarun Dashe

Da ya yi ritaya a 2003, ya nemi a ba shi filin, wanda ake kira Faƙon Dalma, domin ya rufe shi da itatuwa su danne ƙurar. Mutane suka yi masa dariya son ransu. Mangwaro ɗari biyu ya fara dasawa, ko ɗaya bai ga damina ta biyu ba. Ya koma haƙa rami har ƙirji yana cikawa da ƙasar fadama. Darbejiyar da ya dasa a ciki ta yi shekara uku shar, amma da saiwa ta taɓa bangon ramin sai ta bushe. Idan ya tono, sai ya tarar saiwar ta yi baƙi, ta nannaɗe kamar gammo.

A 2009 wani makiyayi mai suna Gaji ya ce masa, “Malam, kana wahalar da kanka. Bagaruwa da gawo ba a hannu suke son fitowa ba, a kashin shanu suke so.” Ya riƙa kwaso kashin daga rugar Gaji da irin a cikinsa, yana binnewa. Ikon Allah, sai ga su sun tsiro, sun kuma tsaya!

Girmansu dai abin al'ajabi ne. Bagaruwa mai shekara goma a faƙon ba ta wuce kaurin damtse ba, alhali sa'arta ta bakin hanya ta yi inuwar da ake shimfiɗa tabarma. Amma tana raye, ganyenta na zuba, ciyawa ta fito a gindinta, ƙura ta kwanta. Malam yakan tsaya ya daɗe yana kallonsu yana tasbihi.

Ƙarshen Rayuwa

Da yake itatuwan sun sha gubar, ya kewaye wurin da ƙaya, ya hana dabba shiga, ya hana girki da itacensu. Waɗanda suka bushe yakan sare ya jingine. Da Malama Adawiyya ta tambaye shi amfaninsu, sai ya ce, “Ki bar min su, nawa ne.”

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Alhamis, cikin watan Sha'aban na 2023, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa sallah a Gaya, aka binne shi a Toranke kusa da mahaifinsa. Bisa wasiyyarsa, da busassun itatuwan nan aka rufe kabarinsa, kuma ba a sassaƙe ko ɗaya ba, domin kaurinsu ya zo daidai. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: Abdulsalam, Zulfa, Mus'ab, Kadijatu da Muzammil. Ya bar itatuwa ɗari huɗu da goma sha ɗaya a tsaye, da unguwar da yaranta ke wasa a ƙofar gida. Allah ya jiƙansa, ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai tasa.