Gadar da Na Tsallake wa Yayana

Shekarun baya, lokacin da Shari'a ta shigo Kano da zafinta, ni ba ni da wata sana'a da ta wuce zaman gidan gem, wato wasan bidiyo, a Gwarzo. Na gama sakandare, ba aiki, ba halin ci gaba da karatu, sai dai yatsu masu sauri. Wallahi a lokacin in na riƙe fad, wato abin dannawar nan, ji nake duk yammacin Kano ba na biyuna. Ƙwallo ne, dambe ne, tseren mota ne, kawo ko wanne. Mahaifiyata takan ce da a gona nake wannan saurin da tuni mun huta da awo.

Da aka fara matsa wa gidajen kallo, mai gidan gem ɗinmu ya tsorata, ya rufe tun kafin a zo kansa. Da yake na daɗe ina tsare masa shago, sai ya sallame ni da tsohuwar na'ura ɗaya mai cin faifai, da fad guda, da memori, ɗan katin nan da ake adana inda mutum ya tsaya a wasa. Na ɗauko su na kawo gida ina ta hura hanci.

A wannan tsakanin ne yayana ya yi haɗari. Malamin firamare ne a wajen Durun, amma a Kabo yake zaune da iyalinsa. Rayuwa ta yi tsada, albashi ba ya kai ƙarshen wata, sai ya riƙa fita acaɓa in an tashi daga makaranta. Wata ranar kasuwa mota ta ture shi a hanyar Gwarzo. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannun dama da ƙafar dama suka saki. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma sai an kwantar, sai an tayar. Matarsa ke masa wanka, ita ke masa alwala, ita ke ba shi abinci a baki. Ya daina hira, in ka je duba shi sai ya juya fuska ga bango.

Mahaifiyarmu ta ce in koma Kabo in riƙa taimaka musu, tunda dai ba abin da nake tsinanawa a Gwarzo. Na tafi da na'urata. Likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsun nan, ni kuwa na ce ai magani na hannuna.

Kun san da me na fara shi? Dambe. Mutum hannunsa na rawa, na sa masa wasan da sai ka danna maɓalli huɗu kafin ƙiftawar ido. Ina gefe ina ihu, "Yaya danna mana! Haba Yaya, ka tsaya ana jibgar ka!" Aka kayar da shi sau uku a jere. Ya ajiye fad ɗin a hankali ya ce, "Kashe, kaina ke ciwo." Ko a jikina, ni a tunanina rashin iyawa ne kawai.

Bayan kwana biyu na shiga Kano, na biya wajen wani mai sayar da faifan gem da na saba da shi. Na ba shi labari ina dariya. Shi bai yi dariyar ba.

"Kai ma dai ba ka da kai," in ji shi. "Mai ciwon hannu za ka haɗa da dambe?"

Ya sunkuya ya zaƙulo wani faifai daga ƙasan kwali, duk ya yi datti. Ya ce wannan ya shekara a wurinsa ba wanda ya kula shi, 'yan gem sun ce surutunsa ya yi yawa. Mutum ɗaya ke yin sa. Labari ne, kai ne jarumin, ka bi gari-gari, ka yi magana da mutane, su ba ka aiki. In faɗa ya zo kuma bi-da-bi ake yi, abokin gaba ba zai taɓa ka ba sai ka gama shawara.

"Ko salla za ka je ka dawo, yana nan tsaye yana jiran ka," ya ce. "Kai ba zai yi maka ba, don ba ka da haƙuri. Amma kai wa yayan naka."

Na kai masa ba don na yarda ba. Ikon Allah, ranar farko ya yi awa biyu bai ajiye ba. Hannun hagu yana tafiyar da jarumin, babban yatsan dama kuma aikinsa danna maɓalli ɗaya tak, shi ma sai ya tattara ƙarfinsa. Sautin a kashe yake, don kada maƙwabta su ji kiɗa su ce malam guda ya koma kallon fim. Ya sa aka ɗauko masa ƙamus ɗinsa na Turanci, duk kalmar da ta shige masa duhu sai ya tsaya ya duba. Wasan kuwa yana jiran sa.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne gaisuwa. Labarin a wani ƙauye yake farawa, akwai maƙeri, akwai wata tsohuwa da akuyarta ke yawan ɓacewa, akwai mai gadin rijiya. Yayana ba zai fita daji ba sai ya bi su gida-gida. Har da baki yake yi. "Baba maƙeri, an tashi lafiya? Ya aiki? Ya ƙarfen jiya?" Ya danna, ya karanta amsar, ya gyaɗa kai, ya wuce gidan tsohuwa. In ya dawo daga daji ma sai ya sake zagayawa.

"Yaya, waɗannan fa ba mutane ba ne," na ce masa wata rana. "Wucewa ake yi."

"Kai ka saba shiga gari ba sallama," ya ce. "Ni ba a koya min haka ba."

Matarsa tana tsakar gida ta ji shi, ta leƙo da sauri, don rabon da ta ji ya yi wa wani ba'a tun kafin haɗarin.

Wata huɗu cur yayana yana wannan ƙauyen. Ga wuta ba kullum ake kawowa ba, wani makon sau uku, wani makon sau ɗaya, janareto kuwa ba a maganarsa da tsadar mai. In aka kawo wuta, ko tuwo ake ba shi sai ya ce a dakata. A ƙarshen ƙauyen akwai gada, a kanta akwai bos, wani ƙato mai rigar ƙarfe, ba ka wucewa gaba sai ka kayar da shi. Yaya ya gwada sau biyu aka kashe shi. Bai yi fushi ba. Ya koma daji yana farautar ƙananan dabbobi, yana ƙara wa jaruminsa ƙarfi, yana kai wa maƙeri ƙarfe a gyara masa takobi. Ni kuwa ina gefe kamar in fashe. Wata huɗu a gari ɗaya! Ni da nake cinye gem a kwana biyu.

Ranar wata Alhamis aka kai shi asibiti a Gwarzo wajen gashin hannu, aka bar ni tsaron gida. Da hantsi sai ga wuta. Na kalli na'urar, na ce bari dai in taimaki bawan Allahn nan. Na kunna, ban gaida kowa ba, na miƙe sai gada. Bugu biyar na yi wa ƙaton ya zube. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina jinjina wa kaina. Sai daga baya na gane ba wata gwaninta tawa a ciki, jarumin ne yaya ya gina har ya fi ƙarfin bos ɗin, ko akuya ce ta taka maɓallin za ta ci.

Ina tsallakewa aka nuna gadar ta karye ta faɗa ruwa. Ban damu ba. Na ci gaba, na wuce gari biyu, sannan na zo adanawa. Memorin nan duk na cika shi da wasannin ƙwallona, gurbi ɗaya kawai na bar wa yaya. Rubutu ya fito da Turanci yana tambaya ko in danne na baya. Wa ya tsaya karatu? Na danna.

Bayan la'asar suka dawo. Tun kafin a gama zaunar da shi na ce, "Yaya albishirinka! Na gama maka da ƙaton nan. Yanzu kana gari na uku."

Ya dube ni. Ya miƙo hannu na ba shi fad. Ya juya jarumin ya kama hanyar baya, ya wuce garuruwan biyu bai tsaya ba, har ya iso bakin ruwa. Ba gada. Ga ƙauyen can a tsallake ana hango rufin ɗakunansa, ba hanyar zuwa. Ya tura jarumin gaba, ya ƙi tafiya. Ya sake turawa.

"Ina na wurina?" ya ce. "Inda na tsaya jiya."

Na ce ai gurbi ɗaya ne, wannan ya hau kan wancan.

Matarsa ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Gobe fa ya ce zai tari ƙaton nan, bayan an sauko Juma'a. Har ya ce in gama girki da wuri in zo in zauna in gani."

Yaya bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Tun da na kwanta, wanka yi min ake. Alwala yi min ake. Loma ma sai an kai min baki. Wannan gadar ce kaɗai abin da aka bar min in yi da hannuna. Ita ma ka yi min."

Na rasa inda zan sa kaina. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya sake kwafsawa. Na ce, "Yaya yi haƙuri, bari in faro daga farko, kwana biyu kawai zan dawo maka da shi daidai bakin gadar."

Ya ɗago ya kalle ni. "Wannan ɗin ma kai za ka yi min?"

Na fita zaure na zauna, na kasa komawa ciki har aka kira magariba.

Bayan mako guda da aka kawo wuta, ya ce in kunna masa, zai faro da kansa. Na ji daɗi, na ce shi ke nan an wuce wurin. Ya shiga ƙauyen, ya nufi maƙera kamar yadda ya saba, ya danna. Maƙerin da ya yi wata huɗu yana gyara masa takobi ya ce masa, "Baƙo, daga ina?" Yaya ya daɗe yana kallon rubutun. Ya je gidan tsohuwa, ita ma haka.

"Ba su san ni ba," ya ce. Ya naɗe wayar fad ɗin da hannun hagu, ya miƙo min. "Mayar da kayanka Gwarzo."

Bai ƙara taɓa gem ba daga ranar. Sauƙi ya samu a hankali, alhamdu lillahi, yau yana tafiya da sanda, har ya koma koyarwa, da hagu yake rubutu a allo. Bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tayar da ita ba.

Shi ya sa in wani a cikinku ya tambaye ni wane gem zai saya wa dattijo, ko mai jinya, ko wanda dai Allah bai yi shi da gaggawa ba, nakan ce a nemi na labari, na mutum ɗaya, wanda ake faɗa bi-da-bi, ba agogo a kansa, rubutunsa ba ya wucewa sai an danna. A ba shi wurin adanawa nasa shi kaɗai. Sannan wanda ya sayo ɗin ya tashi ya ba shi wuri. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, ni shaida ne. Na ɗauka taimako nake yi, alhali gajiya na yi da kallon mutum yana abu a hankali, na kawar da abin don ni in huta. Har yau in na tuna yadda na tare shi da albishir, sai in ji kunya ta rufe ni ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Sallar da ta wuce na je Kabo, za mu tafi idi tare. Na same shi ya sa sabuwar shadda, yana fama da maɓallin hannun riga na hagu, wanda dole sai da hannun daman nan za a sa shi. Ya kama ya suɓuce, ya kama ya suɓuce. Mutane na ta wucewa a waje, lokaci na tafiya. Hannuna har ya ɗaga, na mayar da shi aljihu na damƙe. Na tsaya ina kallo, zufa na keto min kamar ni ke aikin. Ya fi minti biyar kafin maɓallin ya shiga.

Ya gyara hularsa, ya ɗauki sandarsa. Bai kalle ni ba, ya ce, "Na gode."