Taken Barde a Ranar Godiya

Ga waɗanda suke cikin majami'a ran nan. Akwai Malam mai bishara da matarsa, tana da goyo. Akwai disfensa mai ba da magani, wanda ya taho a keke daga Gaya da jakar magunguna a ɗaure a baya. Akwai makahon da yake ja mana waƙa, da wasu mata biyu 'yan uwa ɗaya daga wajen Balan masu ciwon ido, da mai tarin da muke zaunarwa a bakin taga. Akwai makaɗinmu da gangarsa. Akwai matar da aka kawo a kan jaki daga Ajingi da ƙafa a kumbure, mijinta na riƙe da ita. Bafulatanar da take kawo mana nono tana waje gindin darbejiya, ita ba ta shiga, amma waƙa ba ta wuce ta. Sai ni. Sai kuma taubashina mai sanda, wanda saboda shi nake wannan magana.

Bayan yaƙin basasa ne, kafin babban farin nan. Wurin namu ɗan ƙauye ne tsakanin Gaya da Ajingi, majami'ar laka guda da 'yan ɗakunan marasa lafiya kewaye da ita. Yawancinmu Maguzawa ne da muka karɓi bishara. Maƙwabtanmu Musulmi suna ce mana masu waƙa, muna aron turmi a wurinsu suna aron garwashi a wurinmu. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a kawo mutum gare mu. Mu wanke, mu yi addu'a, disfensa ya zo ya barbaɗa garin maganinsa, Ubangiji ya yi saura. Ni ma haka na zo da mijina. Shi Allah ya ɗauke shi, ni na zauna ina dafa wa marasa lafiya abinci, ina wankin gyambo, ina share tsakar gida.

Muna da al'ada da muke kira tashin godiya. Duk Lahadi kowa yakan faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kansa, daga zaune. Amma wanda ya warke, shi a tsaye zai yi tasa, a gaban jama'a. Ya faɗa da bakinsa abin da aka yi masa, ya ajiye abin da ya samu, ko zakara ko ƙwai ko damin dawa, a kaɗa masa ganga ya taka. Daga nan ya je ya share ɗakinsa da hannunsa ya bar wa na baya. Ɗakunan ba su da yawa, ciwo kuwa ba ya ƙarewa.

Taubashina ya zo mana da gyambo a ƙwauri wanda ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka. Ni na riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, yana zagina ina zaginsa, don tsakaninmu akwai wasa tun na iyaye. Damina ta zo ta wuce, wata ta kama hanya, sai gyambo ya rufe. Fata ta yi sumul, tabo kawai ya rage. Disfensa ya duba, ya danna, ya ce, "Baba, ai ka warke."

Tsohon nan ya yamutsa fuska ya ce, "Waje ne ya warke, ɗana. Ciwon ya koma cikin ƙashi."

Disfensa ba shi da idon ganin cikin ƙashi. Ya sosa ƙeya ya hau kekensa.

Daga ranar taubashina ya ƙara ɗingishi. Sanda ta zama ƙafarsa ta uku. In Lahadi ta zo, babu abin da bai gode wa Allah a kansa ba. Ya gode don ruwan sama. Ya gode don haƙoran da suka rage masa. Ya gode da akuyar Malam ta haifi tagwaye. Wata rana har don daddawar da ta ji a miya ya gode. Ƙafa kam bai taɓa ambatonta ba, sai dai ya shafa ta ya yi nishi a ƙara masa addu'a.

To, mai shara tana ganin abin da mai wa'azi ba ya gani. A tsakar gida sawunsa gajeru ne, ga ramin sanda a gefe. Amma bayan danga, a hanyar gonaki, sai na ga sawun ya buɗe kamar na mai bin ɓarawo, sanda kuwa ko alamarta babu, ashe a kafaɗa take tafiya. Ga kuma wani abu. Gonar Malam, wadda kullum kunyoyinta suke karkace kamar macijin da aka taka, sai aka wayi gari an yi mata huɗa miƙe sak. Malam ya ce lallai wani bawan Allah ne cikin maƙwabta yake taimakonsa a ɓoye, ya sa muka yi masa addu'a. Taubashina ya fi kowa ƙarfin amin. Ni kuwa na san huɗar. Ina yarinya na sha kai fura wurin gayya a wajen Kademi, na ga mai wannan garma yana gaban layi, samari na haɗiyar ƙurarsa. Taubashina ne, barden noma a zamaninsa. Da tsakar rana, in kowa ya kwanta hutawa, yake sulalewa, hannunsa ya kasa haƙuri da ganin gona a karkace.

Na same shi gindin tsamiya na ce, "Yaya, ina ƙashin?"

"Yana nan yana cina."

"Har a gonar Malam yake cinka, ko a gida kaɗai?"

Ya ɗago ya kalle ni. "Ke dai 'yar sa ido ce. Uwarki ma haka take, Allah ya jiƙanta."

Na ce, "Wanda ya ci tuwon mutum ya suɗe kwano, ya goge baki ya ce ba a ba shi ba, me sunansa?"

"Sunansa taubashinki. Tafi ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Ba wai ban san dalilinsa ba. Matarsa ta rasu yana kwance, 'ya'yansa sun bazu Kano da Kudu, ɗakinsa na gida ya rushe, 'ya'yan ƙanensa sun shuke wurin. In ya tashi godiya ya share ɗaki, ina ya nufa? Amma ga matar nan ta Ajingi kwance a zaure kan keso, kaji na tsallake ta, sanyi ya soma shigowa, kuma babu ɗakin da ya saura. Ban da haka, ni a wurina a karɓi kyautar Allah a cusa ta ƙarƙashin tabarma rashin kunya ne, ko wane ne ya yi.

Ban kai ƙara wurin Malam ba. Mutum ne mai taushin zuciya, da na gaya masa, azumi zai sa mu yi don ciwon ƙashi. Wurin makaɗi na je. Kafin ya karɓi bishara shi ma kiɗan gayya yake yi, kuma Malam ya hana kaɗa taken gargajiya a cikin majami'a, ya ce yana tuna wa mutane tulun giya.

Na ce, "Ka tuna taken barden Kademi?"

Ya waiga hagu da dama. "Inna, so kike a kore ni?"

"Wa zai kore ka? In an kore ka, makaho ne zai kaɗa ko mai tari?"

"Malam fa zai gane."

"Malam da ko tafi ba ya iya yi daidai? Ka soma da waƙar godiya yadda ka saba. In ka ga na gyara ɗankwali, ka juya."

Ya ce zai yi tunani. Na ce ya yi tunaninsa a kan dambun zogale da zan aiko masa. Tunanin bai daɗe ba.

Lahadin godiyar kaka ce. An tara dammunan dawa da gero a gaba, da kabewa, da gyaɗa a ƙwarya, da kaji a ɗaure suna ta ƙorafi. Malam ya yi wa'azi a kan mutanen nan da Yesu ya warkar su da yawa, guda ɗaya kaɗai ya komo ya gode. Ban ce masa ya zaɓi wannan ba, Allah ne shaida. Taubashina ya yi ta gyaran murya yana shafa ƙwauri. Da aka zo kansa, daga zaune, ya gode wa Allah da kabewa ta yi kyau bana.

Makaho ya ɗauko waƙa, muka amsa. Aka yi baiti, aka yi wani. Na kai hannu na gyara ɗankwali.

Ganga ta juya. Wanda bai san take ba zai ce kiɗa ne ya ƙara zafi kawai. Amma ni na ji abin da take faɗa, shi ma ya ji: rana ta san bayanka, ba ta san fuskarka ba, na gaba mai barin samari da haki. Babban yatsan ƙafarsa ne ya fara motsi. Ya taka shi da ɗaya ƙafar. Sai kafaɗa ta ɗauka. Ya rungume sanda da hannu biyu, ya juyo ya zuba mini ido, ni kuwa na ɗaga kai ina duban azara kamar yau na fara ganinta. Makaɗi, ɗan banza, da ya ga abin na ci, sai ya matso ya durƙusa daidai kunnen tsohon ya sakar masa kiɗa.

Wani ihu muka ji. Taubashina ya miƙe, ya juya sanda ya riƙe ta riƙon garma, ya sunkuya, ya kama huɗar daɓen majami'a daga baya har gaba. Ƙafar da ciwo yake cikin ƙashinta ita ce take gaba. Da ya iso wurin dammuna bai kauce ba, tsallake su ya yi, kaji suka ruɗe. Bafulatana ta leƙo ta taga ta rangaɗa guɗa. Makaho ya tsaya da waƙa yana ta tambaya, "Wa ya faɗi? Jama'a, wa ya faɗi?" Disfensa ya cusa fuska a hula, kafaɗunsa na rawa don dariya. Malam kuwa ya ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, yana cewa, "Al'ajibi! Al'ajibi a gaban idonmu!" Matarsa ta dube ni ta wutsiyar ido, ta dubi makaɗi, ta ci gaba da jijjiga goyonta.

Ganga ta yi shiru. Sai ga tsoho tsaye yana haki, daidai wurin da masu tashin godiya suke tsayawa. Ya dubi ƙasa ya ga inda yake. Na zaci zai kama igiyar da Malam ya jefa masa, ya ce yanzun nan ciwo ya fita. Ya juya yana kallon matar Ajingi da ƙafarta da aka ɗora a kan turmi.

Ya ce, "Malam, sauke hannunka. Al'ajibin ya kwana biyu, tun kafin shuka ne. Na zo nan ƙafata tana wari, aka wanke ni ba a toshe hanci ba. Ubangiji ya rufe ta, ya rufe har ƙashin. Na gode masa." Ya ja numfashi. "Na kuma gode masa da ya halicci taubashiyata guda ɗaya tak, bai yi biyu ba."

Majami'a ta kece da dariya, har mai tari, wanda dariyar ta zame masa aiki. Tsohon ba shi da zakara ba shi da dami, sai ya ɗora sandar a kan dawa. Malam ya sa mata albarka ya miƙa wa mijin matar Ajingi. Bayan an tashi ya kira makaɗi gefe, na ji yana tambayarsa wace sabuwar waƙa ce wannan, makaɗi na cewa shi ma hannunsa ne ya kufce.

Da la'asar taubashina ya share ɗaki tas, ya taya aka ɗauko matar daga zaure aka kwantar da ita a ciki. Ya naɗe tabarmarsa ya ɗaure da garma, ya zauna a zauren da ta bari. Na kai masa tuwo bai taɓa ba.

Na ce, "Ina za ka?"

Bai dube ni ba. "Inda ƙafa ta kai ni. Ba ke kika ce tana da lafiya ba?"

Ni ba mai lallashi ba ce, ban iya ba. Na ɗauke kwanona na rufe, na tafi.

Washegari da asuba ko tsintsiya ban taɓa ba. Na ɗauki turke da igiya na zaga bayan rumbuna, cikin ɗan filin da mai unguwa ya yanka wa mijina, na kafa turken na ja da'ira daidai faɗin ɗaki. Sannan na je zaure. Na tarar ya riga ya saɓa kaya. Na sauke su daga kafaɗarsa na ɗora masa tulu.

Na ce, "Ɗakunan can na marasa lafiya ne. Filina kuwa nawa ne, wanda na ga dama shi zan ba. Rijiya tana inda ka san ta."

Ya tsaya yana kallon tulu. "Wato bauta za ki sa ni da tsufana."

"Tuwo ba ya zuwa a banza, Yaya. Gonar Malam ma tana jiranka, yanzu a fili a gaban kowa."

Ya tafi yana gunaguni, ya komo da ruwa. Na tara ƙasa, na zuba mata ciyawa, na karɓi tulun na kwara. Ya naɗe wando ya shiga kwaɓi. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya dafa ƙwauri, ya buɗe baki zai yi magana.

Na ce, "Taka."

Na jawo kujerata na zauna inda zan riƙa ganinsa, na soma tsinke zogalen makaɗi.