Don Varo, Mai Shayar da Filin Tres Palmas

Raina aikin na ƙasa da kai mugun hali ne, kuma mu a Batey Tres Palmas, ƙauyenmu na ma'aikatan rake, mun ga wanda halin nan ya kayar a bainar jama'a. Zan zo kansa. Amma ba saboda shi na ɗauki alƙalami ba. Saboda Evaristo Yan ne, wanda kowa ke kira Don Varo (Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu), da ya jingine manjagararsa a watan jiya, bayan shekara arba'in da huɗu yana gyaran filin besbol, wasan ƙwallo da sanda, na ƙungiyarmu, Ƙudan Zuma.

Kafin motar masu yankan rake ta tashi, ya riga ya sha gahawarsa, ya ci kirɓaɓɓiyar ayaba da albasa, ya turo baronsa fili. Da tsintar tsakuwa da kashin awaki yake farawa. Sai ya ja manjagara daga tasha ta ɗaya har ta uku, yana tafiya da baya don kada ya taka inda ya gyara. Farar ƙasa yake zubawa a gwangwanin madara da ya huhhuda, ya bi igiya ya fidda layi. Ban ruwa ne na ƙarshe. Ruwan sama ya taɓa cinye filin ana jibi wasan ƙarshe, kowa ya fidda rai, shi kuwa ya yi ta kwasa da tsumman buhu yana matsewa a bokiti har aka buga. Waɗanda suka gani suna nan da ransu.

Bana ƙungiya ta cika shekara sittin, aka ce za a zaɓi gwanayenta tara na tun kafuwa, kowane gurbi mutum ɗaya, a rubuta sunayensu a bangon fili. Kwamitin mutum bakwai ya zauna ranar Asabar da la'asar a teburin wasan domino na bakin kanti. Shugabansu Radamés ne, wanda ya yi kakar wasa biyu a wata ƙaramar ƙungiya a Amurka, ya dawo da hoto da sarƙar wuya, bai kuma bari kowa ya manta ba. Ba a gayyaci Don Varo ba. Ya dai zo da taɓo a takalmi, ya tsaya gefe riƙe da hularsa.

Gurabe takwas ba su yi wuya ba, don ko ana gardama sai a waiwayo shi. Shi ba ya sanin ɗan wasa da lissafin takarda, da sawunsa yake saninsa. Ya ce mai jifa Teófilo ne, don shekara goma sha ɗaya ƙafarsa rami ɗaya take haƙawa a kan tudu, ba ta kauce da faɗin yatsa ba. Tsoho Plinio, wanda ya yi zamani yana cafkar jifa a durƙushe, ya ce to shi fa?

"Kai? Gwiwoyinka sun yi min ramukan da kaza za ta yi kwanci a ciki. Rubuta shi kawai, na huta."

Aka yi dariya aka rubuta. Sai aka zo gurbin tsakani, wato tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda ƙwallo ta fi zuwa da zafi. Radamés ya ce a nan ba a bukatar magana, mutum ɗaya ne a gurbin ya taɓa sa hannu a takardar ƙungiyar waje, kuma ga shi zaune.

Don Varo ya ce Nicasio.

Nicasio amininsa ne, ubangidan 'yarsa a wajen baftisma, ya rasu shekara bakwai ke nan. Masu neman 'yan wasa sun zo kallonsa sau biyu, sau biyun kuma suka koma, don ba shi da takardar haihuwa. A rake ya ƙare rayuwarsa. Don Varo ya tuna wa kwamitin abin da tsofaffi suka sani: tsohon layin dogon taragun rake ta ƙarƙashin gurbin nan ya bi. An cire ƙarfen, amma daɓen yana nan kamar dutse. In ya bushe, ƙwallo ba ta gangarowa, tsalle take yi yadda ta ga dama. Nicasio ya tsare wurin shekara tara kafin a kawo famfo fili, a busasshe. Waɗanda suka biyo baya sun tarar ana jiƙa shi sau biyu kafin kowane wasa.

"Don Varo," in ji Radamés, "maganar ƙwallo muke yi, ba ban ruwan tumatir ba."

"Ɗana, lokacin da kake tsaye a wurin, wa kake tsammani yake kwantar maka da ita?"

Huɗu suka bi Radamés, uku suka bi Nicasio. Mai fenti ya rubuta sunan Radamés.

Don Varo da kansa ya je ya gaya wa matar mamacin, Doña Fredesvinda, mai suyar wainar fulawa a ƙofar fili. Ba ta ɗago daga kasko ba. Ta ce kada ya damu, mutumin da takarda ba ta san an haife shi ba, bango ne zai san ya yi wasa? Wannan magana ta zauna masa a ƙirji. Saura mako uku ya bar aiki, kuma ya ga zai fita ya bar filin da babu abin da ke nuna Nicasio ya taɓa taka shi. Yakan tsaya da tiyo a hannu yana kallon gurbin har ruwa ya kwanta, kamar mai jiran wani ya fito daga cikin rake da safar hannu ta fata a hammata.

Ana gobe bikin cika shekara sittin ɗin Radamés ya hana ban ruwa. Za a kafa rumfa a shimfiɗa darduma, manyan baƙi za su shigo da takalma masu tsada. Don Varo ya bi shi har mota yana cewa ko gurbin tsakani kaɗai a bar shi ya jiƙa, tunda tsofaffin 'yan wasa za su ɗan taɓa bayan jawabi, kuma shi Radamés ne zai tsaya a can. Mai son ganin abin kunya da ya yi shiru. Shi bai yi ba. Da safe ya sake roƙo, aka karɓe makullin famfo daga hannunsa.

Da aka fara wasa bayan jawabi, ƙwallo ta farko ta haura kafaɗar Radamés. Ta biyu ta daki ƙirjinsa. Ta uku ta doki daɓen ta tashi ta same shi a baki, ya zauna daɓas a ƙarƙashin sunansa. Sai muryar Plinio daga benci, ba da ƙarfi ba:

"Uku ke nan. Nicasio shekara tara."

Wanda ya fara isa wurin Radamés Don Varo ne. Ya danna masa tawul ɗin wuyansa a baki, ya tallabe shi har inuwa.

Kwamiti ya sake zama ranar Talata, ba shugaba, aka goge sunan Radamés aka rubuta na Nicasio. Da fenti ya bushe Doña Fredesvinda ta bar kaskonta ta zo ta tsaya gaban bango, ta ce wa Don Varo ya karanta mata. Shi ma bai iya karatu ba. Ya bi haruffan da yatsa, bakwai, ya ce mata shi ne. Suka daɗe a tsaye su biyu.

Don Varo, kai ne ka yi tafiya da baya shekara arba'in da huɗu don wasu su yi gudu gaba. Kai ne ka gyara wa tara ɗin nan wurin tsayuwa, ba ka nemi a sa ka na goma ba. Yanzu in na wuce da sassafe ban ji ƙarar baronka ba, sai in ji garin kamar ba namu ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyinka hutu. Ku kuma samari masu mafarkin jirgin Amurka, ku je ya nuna muku inda daɓen yake tun yana iya takowa, ku koyi yi wa wanda ya raina ku gargaɗi kamar yadda ya yi.

Shi kuwa Radamés, ga abin da ya rasa a yini ɗaya: haƙoran gaba biyu, kujerar shugabanci, da sunansa a bango. Har yau in ya zo ƙofar fili ya gaishe da Doña Fredesvinda, wainarsa kawai take miƙa masa.