Guɗa a Filin Kurket

A shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara gida, gwamnatin jiharmu ta turo ni Landan karatun adabi. 'Yan ƙasarmu kan zo su cika akwatuna da atamfa da takalma su koma. Ni kuwa ina wani ɗan ɗaki a Bloomsbury, ina kallon tantabaru a kan rufin maƙwabta, ina rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa.

Gida ɗaya nake da shi a duk birnin. Na wani tsohon Bature ne da ya yi Di'o a ƙasarmu, ya koma yana koyar da Hausa. Kowace Lahadi shi da matarsa sukan kira ni cin abinci. Yana ce mini 'yata, ina ce masa Baba. A can kaɗai ake tambayata gajiya da harshenmu, kuma ban san yadda zan yi da Lahadi ba in babu su.

Shi ya koya mini kurket a talabijin: mai jifa, mai duka, da sanduna uku da ake karewa, wasa ɗaya ya ci kwana biyar. A shekarar, baƙaƙen fata 'yan tsibiran Karibiyan suka zo suna ta lallasa masu gida. Baba bai ji daɗi ba.

"'Yata, ba ki ga wasa ba," in ji shi muna kan tebur. "Bayan yaƙin duniya 'yan Ostireliya suka zagaye ƙasar nan kaf, ba a ci su ko sau ɗaya ba. Kuma da mutunci. Na yanzu ƙarfi ne kawai, jifa suke yi kamar masu korar tsuntsaye daga gonar gero."

Matarsa ta aje cokali. "Kai dai faɗi gaskiya. Na da ɗin ma sun sha nufar kan mutane da ƙwallo, da idona na gani."

"Wannan dabara ce."

"To Baba, ta yau me ya hana a kira ta dabara?" na ce.

"Ci dankalinki, 'yata."

Bayan mako biyu ya kai ni filin da kansa. Zafi ake yi irin wanda ba su saba ba, ciyawa ta ƙone ta yi ja kamar makiyayar garinmu da bazara. Rumfarmu ta dattawa ce masu huluna, tafinsu a hankali kamar mai lallaɓa jariri. Can ƙetare kuwa 'yan tsibiran ne mazauna Landan, direbobin bas da ma'aikatan asibiti, suna kaɗa gwangwani suna busa ƙaho.

Wani dogon mai jifa na ƙungiyar 'yan tsibiran ya taso daga nesa. Gudunsa ba ƙara, sai ka ce inuwar gajimare ce ke tafiya a kan fili. Ya saki ƙwallo, sandar tsakiya ta tuge tana juyi a iska. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na toshe hanci na rangaɗa guɗa irin ta kakata, doguwa, har maƙogwarona ya yi zafi. Ni da ko a bikin yayata kunya ta hana ni yi.

Rumfa ta yi tsit. Huluna suka juyo.

Baba ya yi jajir. "'Yata! Nan ba gidan biki ba ne. Zauna. Zan ce musu ba ki san al'ada ba, ke kuma ki ba su haƙuri."

"Na san al'adar, Baba. Kai ka koya mini."

"To me ya kai ki?"

"Ka zauna a ƙasarmu, ka san abin da ake yi wa guɗa. Abu ya yi kyau, na yaba. Da na da ɗin ne suka yi wannan jifar, da yanzu kana ba ni labarinta."

"Ba su haƙuri," ya sake cewa, murya ƙasa ƙasa.

Na tuna ɗakina, da tsawon yinin Lahadi in ba mai ce maka sannu. Na ce, "Ba zan bayar ba."

Ya mayar da kallonsa fili. "To, ranar Lahadi sai mun neme ki."

Na fahimta. Na rusuna masa kamar yadda aka koya mini a gida, na ɗauki jakata na zaga ta bayan rumfuna har wajen masu gwangwani. Wata mata mai jiki, da rigar asibiti a ƙarƙashin mayafinta, ta muskuta ta ba ni wuri.

"Ke ce mai wannan muryar?" ta tambaye ni da Turancinsu mai kama da waƙa. "Daga nan muka ji ki. Aje numfashinki, 'yar'uwa, da sauran sanduna."

Baba da matarsa ba su neme ni ba, ni ma ban je ba. Na yi kewarsu ƙwarai, musamman matar. Amma har yau in an tambaye ni waɗanne suka fi, na da ko na zamanina, ba na jinkiri. Na da ban gan su ba. Nawa na gani da idona, na kuma faɗa da bakina.