Godelieve da Hannun Famfo

A cikin jirgi aka haifi Godelieve, irin jiragen nan masu shimfiɗaɗɗen gindi da ke jigilar kwal da dankali a kogunan Beljiyam. A ciki ta yi wayo, a ciki ta yi aure, har ta kai shekara arba'in ba ta taɓa kwana uku jere a tudu ba. Ita ke tuƙi. Mijinta Kamiel shi ke da igiya da famfon kwashe ruwa, don jirgin tsoho ne, kullum yana yoyo. Allah bai ba su haihuwa ba.

A watan Agusta na 1940 Jamusawa suka bi koguna suna tattara jirage, wai da su za su ƙetare teku su ci Ingila da yaƙi. Suka ce kowa ya sauka, sai wanda ya yarda ya zauna ya kula musu da jirgin. Kamiel ya kai ta wurin ƙanwarsa a Gent, ya koma.

Bayan mako uku ta bi shi tashar Ostend, inda aka kai jirgin. Jirage ne ɗaruruwa a ɗaure, an yanke musu goshi don tankokin yaƙi su sami hanyar sauka, an kwarara siminti a cikinsu, an shafe sunayensu da fenti. Da labulen tagarta ta gane nasu.

"Kai, mutumin nan! Haka suka yi wa jirginmu, kana tsaye kana kallo?"

"Wane kallo, Godelieve? Famfo nake bugawa. Nauyin simintin nan ya ƙara buɗe yoyon."

"Bar shi ya nitse mana. Naka ne yanzu? Ɗauko rigarka mu tafi gida."

"Gida ina? Ga gida nan. Jirgin da iska kaɗan ke zubar mana da kofuna a kogi, shi zai je Ingila? Sojojin nasu ma tun a tasha suke amai. Kwana kaɗan za su gaji su mayar mana da abinmu. In na tafi, me za su mayar?"

"To, sai ka aure shi."

"Ai kin riga ni saninsa," in ji shi, yana dariya.

Da ya sauka ƙasa cikin jirgin don ya dafa mata shayi, sai ta zare ƙarfen da ake riƙewa a buga famfon, ta cusa shi a kwandonta ƙarƙashin burodi. A ganinta, in babu famfo, kwana biyu ruwa zai ci jirgin, Kamiel ya haƙura ya biyo ta. Ta sha shayinta, ta yi masa addu'a, ta tafi.

Kwana biyu suka wuce, biyar suka wuce. Rana ta tara sai ga Achiel, wanda jirginsa ke ɗaure kusa da nasu, hularsa a hannu. Ya ce jiragen saman Ingila sun yi wa tashar ruwan bam. Da jiniya ta yi kuka kowa ya ruga tudu, ban da Kamiel. Yana can ƙasa cikin jirgin, yana kwasar ruwa da bokiti. Kwana takwas ke nan yana haka. A nan bam ya same shi, ya rasu.

"Da a sama yake, wurin famfo, da ya ji?"

Achiel ya dubi ƙasa. "Duk wanda ke sama ya ji."

"Ya san wanda ya ɗauke ƙarfen?"

"Tun ranar ya sani. Dariya ya yi ta yi, wai matarsa ta fi Jamusawa iya ƙwace."

Ingilar da aka yi ta shirin ci, ko jirgi ɗaya bai tashi zuwa can ba. Bayan yaƙi aka mayar wa wasu nasu, da goshi a liƙe, suka ci gaba da jigilar kwal. An yi wa Godelieve tayin tuƙi sau da yawa, don hannunta sananne ne a kogin, ta ƙi. Ta kama ɗaki bayan cocinmu, ta shekara talatin tana wanke daɓensa.

Mace ce marar magana, ba ta fashin sujadar safe. Amma a kwano take ɗibar ruwan wankin, komai yawan sawun da za ta yi zuwa rijiya. In wata ta shigo da bokiti ta fara kwarara, sai Godelieve ta ajiye tsummanta, ta fita waje ta tsaya har a gama. Allah ya ji ƙansu, shi da ita.