Baba Kumfa da Baƙuwar Cikin Kwali

"Mama, tsohon nan ba shi da aikin yi ne? Ji shi yana wasa da kumfa!"

'Yata ce mai shekara huɗu ta faɗi haka da ƙarfi, ranar da muka kai wa babanta abincin rana a masana'antar tayil. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa tsohon ya ɗago da buroshi a hannu ya ce, "Gaskiyarki, ƙawata. Shekara talatin da ɗaya ina wasan nan, har yau ba a kore ni ba."

Baba Kumfa suke ce masa. Shi ke fara buɗe ɗakin gwaji kowace safiya, ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Zai goge tebur, ya kaɗa ruwan sabulu a kwalba, sannan ya bi bututun gas gaɓa-gaɓa yana shafawa, kansa a karkace kamar mai sauraron numfashin jariri. Ba ya sauri. Mai ganinsa sai ya ce a cikin ruwa yake tafiya.

Bara aka kawo musu sabuwar na'ura. Gas abu ne mai kumbura in ya ji zafi, ya tsuke in an matse shi, mitar da ke ƙirga shi kuwa ba ta san wannan ba. Na'urar ce ke zama kusa da ita tana gyara mata ƙidaya. Ta zo a kwali, da hatiminta da takardar shaidarta. Manaja ya ce a ɗaura ta nan take, tanda ɗaya ta gasa tayil na zaune ba wuta.

Baba ya dafa kwalin. "Baƙuwa ce, ta sha hanya. A bar ta ta saba da iskar ɗaki, gobe ma tambaye ta."

Maigidana ne ya fi kowa baki. "Haba Baba, sabuwa ce fil, ko leda ba a cire ba! Ko mu shimfiɗa mata tabarma, mu kawo ruwan sha?"

Aka kwashe da dariya.

"Ɗan nan, kai ma sabo fil aka haife ka, amma sai da ungozoma ta jujjuya ka," in ji Baba.

Washegari ya tsoma ma'aunin zafinta cikin ruwan ƙanƙara, ta faɗi gaskiya. Ya hura mata iska da ɗan famfo, ya gwada da tsohon ma'auninsa, bakinsu ya zo ɗaya.

"To, an gama ke nan?" in ji manaja.

"An fara dai."

Baba ya rufe makunni, ya kulle iskar a cikinta, ya ja kujera ya zauna. Maigidana ya ce hannuwansa na kan gwiwa, idonsa a lumshe, hasken taga na rarrafe a kan tebur har ya hau jikin na'urar. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙanƙara tana narkewa a kofi. Minti goma, ba komai. Minti ashirin, manaja ya fita yana tsaki. Ana cika rabin awa, lambar ƙarshe a fuskar na'urar ta sauka da ɗaya, alamar iska na fita.

Baba ya ɗauki buroshi ya shafa a wuyan da siririn bututu ke shiga. Can sai ga ƙwayar kumfa, ba ta kai kan allura ba. Ta yi ta girma a hankali, taga da fuskokinsu duk a cikinta, ta fashe. Wata ta biyo. Ashe kwalin ya faɗi a hanya, wuyan ya tsage kamar silin gashi.

Ɗakin da za a ɗaura ta rufaffe ne, taku shida tsakaninsa da wutar tanda. Mai shiga duk awa ya karanta lambobi kuwa maigidana ne. Ran nan ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Ya ɗauki jaririyarmu mai wata biyu ya rungume.

Baba, kai ne ka sha dariyar yara ba ka mayar da fushi ba. Kai ne ka zauna rabin awa saboda mutumin da ya yi maka ba'a. Mai kunnen jin abin da bai yi ƙara ba! Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, na san ba za a rubuta komai a bango ba, domin gobarar da ba ta tashi ba ba ta da labari. Ni dai na gode. 'Ya'yana biyu sun gode, ko da ba su san dalili ba. Allah ya hutar da gwiwoyinka.

Ku da za ku gaji teburinsa, ku gaji kujerar ma, ku koyi zama. Kai kuma mai karatu, in ka ga mai gwaji yana jan lokaci, kame bakinka, kada ka tsaya masa a ka. Wanda zai shiga ɗakin nan bayan an gama gwajin, akwai masu jiransa a gida.